Bangon aji ya tsage, wa za mu kama?

Wasiƙun wannan fitowa duk daga zangunan Kumasi ta ƙasar Ghana suke, kuma duk a kan ginin makaranta ne. Injiniyan gine-gine da wani tsohon jami'in tsare-tsare na majalisar gunduma ne suka zauna suka amsa su. Mun cire sunayen makarantu da na masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aji uku a firamaren gwamnati. Bangon ajinsu ya tsage tun daga kusurwar taga har ƙasa, in an yi ruwa sai a tattara yaran gefe guda. Hedimasta ya ce an sanar da ofis. Shekara ta uku ke nan ana cewa za a rushe a sake gini. Ta yaya zan gane ko ginin nan zai iya jira? Daga mahaifiyar yara huɗu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba kowace tsaga ce ke kayar da gini ba, amma irin wadda kika kwatanta ba a wasa da ita. Tsagar da ta tsaya a filasta, siririya kamar gashi, ta bazu kamar saƙar gizo-gizo, ta yaɓe ce kawai, siminti ne ya bushe da gaggawa. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta gangara a karkace, tana bin layin bulo kamar matakala, ita ce ke nuna harsashin ginin ya zauna ta gefe guda. A zagaya bayan ajin a duba. In tsagar ta ɓullo ta waje daidai inda take ta ciki, to bangon ne kansa ya rabu.

Sai awo. Kaurin tsinken ashana kamar milimita 2 ne, na fensir kuma wajen 7. In tsinken ashana ba ya shiga, a sa ido kawai. In fensir ya shiga, an wuce milimita 5, magana ta koma hannun injiniya. In yatsan babban mutum ya shiga, ko ana hango hasken waje ta cikin tsagar, a fitar da yara a ranar, takarda ta biyo baya.

Abin da ya fi faɗin tsagar muhimmanci shi ne ko tana tafiya. A ja layi da fensir a inda ta ƙare, sama da ƙasa, a rubuta kwanan wata. A kwaɓa siminti kaɗan a manna shi siriri a kan tsagar a wurare uku, kowanne kamar faɗin tafin yaro. Duk ranar Litinin malamin aji ya duba. In mannin ya fashe, ko tsagar ta wuce layin fensir, ginin yana motsi, kuma a damina motsin ya fi sauri. Roƙonmu ɗaya: kada wani mai son alheri ya zo ya shafe tsagar da filasta kafin injiniya ya gani. Ya ɓoye ciwon ne, ya kuma ɓatar da hujjarku.

A ɗaure dutse a zare a saki daga saman bango, a auna tazarar zaren da bango a sama da kuma a ƙasa. Bangon bulo inci shida da ya kauce da fiye da inci ɗaya ya fita daga aminci. A fi sa ido a kan bangon ƙarshen gini, mai tsinin nan da ke tashi har ƙololuwar rufi, domin shi ne mafi tsayi, kuma a tsofaffin azuzuwa galibi ba ginshiƙin da ke riƙe da shi. A rufi kuma, a soka ƙusa a katakon da ke kwance a kan bango. In ta shige kamar a cikin burodi, gara ta gama da shi, kuma iskar farkon damina ta Maris da Afrilu da muka sani a Kumasi irin wannan rufin take kwashewa. In makarantar bene ce, a ɗaga kai a dubi ƙasan kankaren. Jan tabo alamar tsatsa ce. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ture kankaren da ya lulluɓe shi, sai ɓaraguzai su fara zubowa. A ƙwanƙwasa da guduma, inda ya yi amo kamar ganga ya riga ya saki.

Yawancin harsashin da ke zama, ruwan rufi ne ya ci shi. Yana zuba a gindin bango shekara da shekaru, babu daɓen kankare, babu kwata. Daɓe mai faɗin kamar ƙafa uku kewaye da gini, wanda aka karkata shi waje, da magudanar da za ta kai ruwan nesa, sun ceci gine-gine da yawa, kuma kuɗinsu bai kai na sake aji ɗaya ba.

Ranar 31 ga Janairu 2017 ginin ajin rainon yara, wato KG, ya rufta a Breman Jamra da ke Yankin Tsakiya, yara 6 suka rasu. Saboda haka ki nemi shugaban kwamitin makaranta, wato SMC, da hedimasta su rubuta wa daraktan ilimi, kwafi zuwa sashen ayyuka na majalisar gunduma, da hukumar agajin gaggawa ta NADMO, da asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, suna neman abu ɗaya tak: injiniya ya zo ya duba ya ba da sakamako a rubuce. Kafin nan, zauren makarantar allo ko farfajiyar masallaci da safe ta fi aji mai motsi, ko a raba yara kashi biyu, wasu safe wasu rana, a ɗakin da ke da lafiya.

Tambaya: Ni ne shugaban SMC na makarantarmu. Wasiƙa biyar muka kai ofishin ilimi cikin shekara huɗu. Kullum amsa ɗaya: kuna cikin jeri. Wane ne ainihin mai alhakin gina mana aji, kuma ina kuɗin suke maƙalewa? Daga wani dattijo mai sayar da kayan mota.

Amsa: Alhaji, "kuna cikin jeri" magana ce marar nauyi sai kun ga jerin da idonku, domin jeri iri-iri ne. Akwai wanda ofishin ilimi ke tarawa na makarantun da suka lalace. Wannan ƙidaya ce, ko pesewa ɗaya babu a bayansa. A 2021 ma an ƙaddamar da shirin kawar da makarantu fiye da 5,000 da ke ƙarƙashin bishiya ko cikin rumfa da gini mai rugujewa a faɗin ƙasa, kuma kaɗan ne aka gina daga ciki. Jerin da ke da kuɗi a bayansa shi ne kasafin majalisarku na shekara.

Wasiƙunku biyar sun tafi ƙofar da ba ita ba ce. Hukumar ilimi ta ƙasa, wato GES, malamai take turowa tana kuma sa ido kan karatu, daraktan ilimi ba shi da kuɗin gini. Doka ta ɗora gina makarantun KG da firamare da ƙaramar sakandare, wato JHS, da gyaransu a kan majalisar gunduma. Sai ku tabbatar wace majalisa ce taku, don iyakoki sun sauya. Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line suna ƙarƙashin Asokore Mampong tun 2012. Old Tafo da Suame sun sami nasu majalisun a 2018. Sauran tsakiyar gari na hannun majalisar birnin Kumasi, wato KMA. Wasiƙar da aka kai majalisar da ba ta da hurumi, ba mai mayar muku da ita, ajiyewa kawai za a yi.

Kafin a aza bulo ɗaya, aiki yana bi ta ƙofa uku. Ta farko, tsarin raya gunduma na shekara huɗu, wanda ke ci yanzu na 2026 zuwa 2029 ne. Ta biyu, jadawalin ayyukan shekara da ake tsamowa daga cikinsa. Ta uku, kasafin kuɗi, inda ake rubuta aikin da adadin kuɗinsa da asusun da za a ɗebo. Galibi tsakanin Agusta da Oktoba ake haɗa kasafin shekara mai zuwa, babban zaman majalisa ya amince da shi. Wanda ya kai kukansa a Fabrairu ya makara da shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatar Kuɗi tana sa kasafin majalisu a shafinta na intanet, ku sa wani yaro mai waya ya sauko da na majalisarku ya nemi sunan makarantar. In babu shi, babu gini a bana, ko wane ne ya yi alkawari a taron suna.

Asusun da ake ɗebowa kuma kowanne da cutarsa. Na farko shi ne asusun majalisun gunduma, wato Common Fund. Sashe na 252 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa majalisu abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a riƙa biya duk wata uku. A aikace an sha jan biyan har kashi biyu ko uku su taru, an kuma sha yanke wani abu tun daga Accra don shirye-shiryen gwamnatin tsakiya kafin ragowar ta iso. A kasafin 2025 gwamnati ta ce kashi 80 cikin 100 zai riƙa zuwa majalisu kai tsaye, aka kuma ware kaso don ginin azuzuwa da wani don ƙarasa ayyukan da aka yasar. Ku riƙe wannan, hujja ce a hannunku.

Na biyu asusun ilimi na ƙasa, wato GETFund, wanda aka kafa a 2000, yake cin harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kaya da hidimomi. A 2017 an yi dokar da ta ƙayyade abin da irin waɗannan asusu za su riƙa samu gaba ɗaya, kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin haraji, daga baya aka rage zuwa 17.5. Ma'ana, ana karɓar harajin da sunan ilimi amma ba duka yake shiga asusun ba. Ga bashin da aka ciyo da sunan asusun don gine-ginen sakandare bayan fara karatun kyauta a 2017, wanda biyansa ya riƙa cin kaso mai tsoka. An cire ƙayyadewar a 2025, sai dai a lokaci guda an ɗora wa asusun nauyin sakandaren kyauta, don haka firamare har yanzu a bayan layi take. A ganinmu wannan shi ne babban rashin adalcin tsarin: yaron da bai iya karatu a aji uku ba, kyautar sakandare ba ta same shi ba.

Sai kuɗin da majalisa ke tarawa da kanta daga tikitin kasuwa da harajin gidaje, sai ɗan kason da ɗan majalisar dokoki ke da shi a Common Fund, wanda yakan isa sake rufi ko sayen benci amma da wuya ya gina aji shida. Kuɗin kan ɗalibi da ake ba hedimasta kuwa, wanda ya fara da sidi 3 a 2005 ya jima yana sidi 10, na alli ne da ƙananan gyare-gyare. Makaranta mai yara 400 a sidi 10, sidi 4,000 ke nan a shekara, in ma sun zo. Kada ku matsa wa hedimasta a kan abin da ba shi da shi.

Ga yadda wasiƙa ta shida za ta bambanta. A rubuta ta zuwa ga shugaban majalisa, wato MCE, shi ne kuma shugaban kwamitin sa ido kan ilimi na gunduma. Shafi ɗaya. A sa adadin yara aji-aji, ɗakuna nawa aka rufe, hotuna masu kwanan wata, rahoton injiniya, da kwafin takardar fili. Buƙata ɗaya: a sa ginin aji shida cikin jadawalin shekara kaza. A kai kwafi biyu rajista, a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Sannan ku zauna da asambuliman ya gabatar da maganar a ƙaramin kwamitin hidimomin jama'a da na ayyuka, ku nemi ganin ta a rubutaccen bayanin zaman. Shi kuka zaɓa, shi ne ke jin tsoron ƙuri'arku. MCE shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a su amince, kuma yunƙurin mayar da kujerar ta zaɓe ya tsaya a lokacin da aka soke ƙuri'ar raba gardamar Disamba 2019. Wanda aka naɗa daga sama, idonsa sama yake kallo, sai an sa masa takarda a gaba.

Tambaya: An fara mana sabon gini kafin wani zaɓe, ya kai linta ya tsaya. Yanzu ciyawa ta cinye shi, awaki ke kwana ciki, yara kuma suna tsohon ginin. Mutanen unguwa sun ce ɗan kwangila ya cinye kuɗin. Yaya za mu tabbatar? Daga tsohon ɗalibin makarantar.

Amsa: Ɗan'uwa, ana cin kuɗi, ba mu musa ba, amma kada ku yanke hukunci kafin ku ga lissafi. Wani mai bincike, Martin Williams, ya bi ayyuka fiye da 14,000 na majalisun Ghana ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa gama su ba, kuma sun lashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ayyukan majalisun. Abin da ya fi samu shi ne ɗan kwangila ya yi aikin da ya fi abin da aka biya shi. Cutar ita ce a raba ɗan kuɗi a kan ayyuka goma don kowace unguwa ta ga an sare mata fili, shekara ta zagayo a buɗe wasu goma sababbi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga yadda biya yake tafiya. In an sa hannu a kwangila ana iya ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, wanda ƙa'ida ta ce kada ya wuce kashi 15 cikin 100, shi ma sai ya kawo takardar lamuni. Daga nan da kuɗinsa yake aiki. In ya kai wani mataki, injiniyan majalisa ko kamfanin da ke duba aikin ya auna abin da aka yi ya fitar da takardar shaidar biya. Ita ce ke kwana a ofis wata shida, shekara, har fiye. Ƙaramin ɗan kwangilar da ya ciyo bashin banki da ruwa mai tsada ba zai iya jira ba. Linta kuwa ita ce mahaɗa: daga nan sai katako da kwanon rufi da tagogi, kayan da ake saye da tsabar kuɗi a lokaci guda. Shi ya sa gine-ginenmu suke mutuwa a nan. In aka ƙara da tsadar kaya, wadda a Disamba 2022 ta kai kashi 54.1 cikin 100, farashin da aka sa hannu a kai tun 2020 ba ya sayen rabin kayan, sai ɗan kwangila ya ƙi dawowa sai an sake lissafi.

Don sanin naku wane iri ne, ku fara da allon aikin in yana nan: mai aikin, asusun da ke biya, mai dubawa, ɗan kwangila, wa'adi. In GETFund ne, biyan daga Accra yake fitowa. In Common Fund ne, majalisa ce. Sai ku yi amfani da dokar 'yancin samun bayani ta 2019, wadda ake kira RTI. A rubuta wa jami'in bayani na majalisa, ba dole ne a faɗi dalili ba, wanda bai iya rubutu ba kuma yana iya faɗa da baki jami'in ya rubuta masa. Ku nemi abu biyar: jimillar kuɗin kwangila, ranar farawa da ta gamawa, takardun shaidar biya da aka fitar, nawa aka biya a kan kowacce da ranar biya, da rahoton ƙarshe na kashi nawa na aikin aka yi. Suna da kwana 14. In sun yi shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin sun hana, sai ku ɗaukaka zuwa shugaban ma'aikatar cikin kwana 30, shi kuma yana da kwana 15, daga nan sai hukumar RTI. Abin da za ku biya na kwafi ne kawai.

Sai ku jera lambobi biyu. In an yi kashi 45 na aiki an biya 30, majalisa ko asusun ne ke da laifi, ku tunatar da su sashe na 35 sakin layi na 7 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce gwamnati ta ci gaba da ayyukan da wadda ta gabace ta ta fara gwargwadon iko. In an yi 45 an biya 80, wani ya sa hannu a kan aikin da babu shi. Wannan ta Babban Odita ce, wanda sashe na 187 ya ba shi ikon soke biyan ya ɗora wa jami'in asarar, kuma Kotun Ƙoli ta ce masa a 2017, a ƙarar da ƙungiyar Occupy Ghana ta shigar, yin hakan wajibi ne. Ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman ma yana karɓar irin wannan.

Wani abu da ake mantawa: ginin da ya sha damina huɗu ko biyar a buɗe ba a ɗora masa rufi kai tsaye. Rodin da aka bari tsirara a saman ginshiƙai ya yi tsatsa, bulon sama ya ruɓe, saiwa ta shiga daɓe. Ku nemi a sake duba shi kafin a ci gaba.

Tambaya: Makarantarmu ta Islamiyya ce, marigayi mahaifinmu ya kafa ta, gwamnati ke biyan malamai. Rufin aji biyu ya tafi. Majalisa za ta gyara, ko mu yi karo-karo? Daga ɗan mai makaranta.

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan Baba. Tun 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES, irin makarantarku ta gwamnati ce ta fuskar malamai da manhaja, kuma majalisa na iya yi mata gini. Inda ake tuntuɓe shi ne fili. Ba jami'in da zai so zuba kuɗin gwamnati a filin da gobe magada za su ce gadonsu ne. A Kumasi yawancin ƙasa ta sarauta ce, don haka ku haɗa takardar rabon fili daga sarkin da ya bayar, da amincewar ofishin filaye na Asantehene, wato Sarkin Asante, da taswirar safiyo, ku kai Hukumar Filaye. Magada kuma su sa hannu a takardar cewa filin wakafi ne na makaranta, a gaban shaidu. Da waɗannan za ku iya buga ƙofar Asusun Raya Zango, wanda dokar 2017 ta kafa kuma ilimi na cikin aikinsa, ko da yake kuɗinsa ba su kai yawan masu nema ba.

Karo-karo kuwa ku yi, rufi ba ya jiran kasafi. Sai dai na ganin dama ne, ba a korar yaro don iyayensa ba su bayar ba. Ku sanar da daraktan ilimi a rubuce, ku roƙi sashen ayyuka ya turo mai duba aiki. Kada a buga sabon kwano a kan tsohon katako. A sa katako mai ƙarfi irin dahoma wanda aka shafa wa maganin gara, ba katakon wawa ba, a ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin kankaren saman bango. Rufin da aka riƙe da ƙusa kaɗai, iskar baɗi za ta sake ɗauke shi. In tsohon rufin na asbestos ne, kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi a sauke ɗai-ɗai, ranar da babu yara.

Tambaya: Alhamdu lillahi ɗan kwangila ya dawo. Mu ba injiniyoyi ba ne, me za mu iya dubawa? Daga malama a makarantar.

Amsa: Malama, da yawa. Tun ran gini tun ran zane. A ɗaga bulo zuwa ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri, mai kyau ba ya wargajewa, kuma farce ba ya kankare gefensa. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 30 na inci shida ba, masu ha'inci suna fitar da 45 har 50. Kankaren ginshiƙi da linta, awon da aka saba shi ne kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai ku ƙirga a ranar zubi. Ruwa in ya yi yawa a kwaɓi yana sauƙaƙa wa lebura amma yana kashe ƙarfin kankare. A duba kaurin rodi da takardar ƙididdigar kaya, don a kasuwa akwai mai milimita 14 da ake sawa a gurbin 16. Kada rodi ya taɓa katakon zubi, a bar masa tazarar inci ɗaya. Bayan zubi a riƙa shayar da kankare ruwa kwana 7 aƙalla, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Kada ku yi gardama da magina. Ku buɗe littafi, ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata da hoto, ku miƙa wa injiniyan majalisa. Bayan miƙa makulli akwai lokacin gyaran aibi, galibi wata 6 zuwa 12, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har ya wuce. Yoyo, tsaga, ƙofar da ba ta rufuwa, duk a rubuta su kafin wa'adin ya cika.

Tambaya: Samarin unguwa sun gaji, suna so mu fita zanga-zanga mu kira 'yan jarida. Ya halatta? Daga shugaban ƙungiyar matasa.

Amsa: Ya halatta. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar, da hanyar da za a bi da lokaci. Amma kafin nan akwai ƙofa biyu kyauta: kwamitin koke-koke na majalisa, wanda shugaban zaman majalisa ke jagoranta, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda ke sauraron ƙarar sakaci da rashin adalcin ma'aikatu. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki, mai cewa ilimin farko kyauta ne kuma wajibi, shi ne madogararku a can.

In za ku fita, ku fita da wasiƙun nan masu hatimi, da rahoton injiniya, da shafin kasafi, da amsar RTI ko shaidar an ƙi amsawa, ku ba kowane ɗan jarida kwafi. Ku ajiye rigar jam'iyya a gida, ku sa limami da sarkin unguwa da iyaye mata a gaba. Wanda ya fito karɓar koke, ku nemi ya faɗi asusun da za a ɗebo kuɗin da watan da za a fara, a rubuta, ya sa hannu. Hoto kuma a ɗauki bangon shi kaɗai, kada a jera yara a gindinsa don kyamara.